Littafin furanni daga kasuwar gwanjo: in sallama ko in riƙe?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar gwanjon kayan ɗaki a kasuwar Harajin Sawarik, nan Jidda. Na sayi kabad daga gidan wasu Turawa da suka tashi, sai na tsinci tsohon littafi a ciki, cike da zanen furanni masu launi. A shafin farko an rubuta Botanical Magazine da shekarar 1793. Wani mai shagon firem ya taya riyal 400, wai zai ciccire zanen ya sa a gilashi. In sallama masa?
Daga mai karatu a Karantina, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, dakata tukuna, kuma kada reza ta kusanci littafin nan.

Mujallar da ka ambata masanin tsirrai William Curtis ne ya fara buga ta a Landan a 1787, kuma har yau lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan na fitar da ita. A sassaƙa zanen a farantin tagulla, a buga shi da baƙin tawada, sannan ma'aikata su zauna da burushi suna shafa launi takarda bayan takarda. Haka aka yi ta shafa launin da hannu har 1948. Wannan aikin hannun masu tara littattafai ke biya.

Amma fara tabbatar da cewa na asali ne, don an sha sake buga irinsa da inji. Ari gilashin mai gyaran agogo ka duba ganye ɗaya. In launin ya tarwatse ya zama ƙananan ɗige-ɗige a jere, bugun zamani ne, karɓi 400 ɗinka ka yi godiya. In kuwa ka ga sawun burushi, nan ya yi kauri, can ya ɗan tsallake layi, to hannu ne. Shafa yatsa a gefen zanen, za ka ji ɗan kwarmin da farantin ya bari. Sai ka ɗaga takardar ga haske ka nemi tambarin masana'anta a cikinta, kamar jinjirin wata uku da muke gani a takardun Alƙur'anan kakanninmu na rubutun hannu.

Daga nan ƙirga. Juzu'an farko-farko zane 36 kowanne ke da shi, kowane zane da lambarsa da takardar bayaninsa. Guda ɗaya ya ɓace, daraja ta faɗi warwas. Mai firem ya san lissafinsa: riyal 400 a kan zane 36 bai kai riyal 12 kowanne ba, shi kuwa ɗaya-ɗaya zai sayar wa masu ƙawata falo. Ni dai ban ƙaunar wannan sana'a, don littafin da aka yanka ba ya komawa.

Kada kuma ka fara lissafin sayen gida a Kano. Curtis ya buga dubbai, saboda haka juzu'i guda ba ya wuyar samu. Masu tsadar gaske su ne waɗanda ba su da yawa: Flora Graeca, juzu'i 10 da zane 966, wanda bugunsa na farko bai wuce kwafi 30 ba, ko Hortus Eystettensis na 1613, wanda aka sayar da kwafinsa mai launi kusan fam miliyan 2 a gidan gwanjo na Christie's a 2016. Naka ƙanensu ne na nesa, amma cikakke mai tsabta ya cancanci a ji ta bakin masana kafin a yanke shawara.

Kafin nan, raɓar Jidda ce abokiyar gabarka, ita ke fito da jajayen tabo a tsohuwar takarda. Fitar da shi daga sito, kwantar da shi a ɗaki mai iyakwandishan, nesa da rana. Kada ka naɗe shi a leda, kada ka liƙe yagewa da salatif, kada ka kai a sake masa bango.

Ɗauki hoton bangon, da shafin farko, da zane biyu ko uku, har da inda ya lalace. Gidajen gwanjo na Christie's da Sotheby's da Bonhams duk suna karɓar hotuna ta intanet su yi ƙiyasi kyauta. Ka rubuta musu adadin zanen da ka ƙirga da tsawon littafin a santimita.