Jan kunci ba nuna ba ne

Jiya da la'asar, bayan Hajiyar nan ta maido mana da mangwaro shida a leda tana faɗa, ka ce da ni, "Maigida, to yaya zan gane wanda ya nuna? Jajayen na zaɓar mata, ga shi ta ce sun fi tsamiya tsami." Ban tanka maka ba a lokacin, don mota na sauke kaya, raina kuma a ɓace yake. Yanzu da kasuwar Katako ta ɗan lafa, jawo kwalin nan ka zauna.

Ban ga laifinka sosai ba, ɗana. A garinku ƙananan nan ka saba sha, ƴan gargajiya masu zare, waɗanda da sun nuna sai su rikiɗe su zama ruwan ɗorawa. A kansu ido yakan yi gaskiya. Amma abin da ka ba Hajiya mai aure ne, wanda ake kira Kent. Shi da ɗan'uwansa Keitt asalinsu daga Florida ta Amurka ne, aka kawo irinsu aka yi ta aurawa a garake. Jan da ke kuncinsu aikin rana ne kawai. Gefen da ya kalli rana yana kan itace shi yake yin ja, wanda ganye ya lulluɓe ya zauna kore shar. Sai ka tsinko biyu a reshe ɗaya, ɗaya jawur ɗaya kore, koren ya riga jan nuna da kwana uku. Keitt ma ya fi rainin wayo, yakan nuna har ciki fatarsa tana nan kore, mai saye ya wuce shi yana cewa ɗanye ne. Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to a wannan sana'ar shi ne na ƙarshe da nake tambaya.

Kafin mu zo maganar nuna, akwai wadda ta riga ta, wato ƙosawa. Yara da yawa a kasuwar nan sun shekara biyar suna kasa mangwaro ba su raba su biyun ba. Ƙosawa a kan itace take faruwa, ba ta faruwa a wani wuri. Itacen yakan yi fure cikin hunturu, daga nan ɗan ya yi wata uku da rabi zuwa biyar, gwargwadon iri, yana tara gari a cikinsa. Nuna kuwa ita ce juyewar garin nan ya koma sukari, tsamin ya sauka, naman ya yi laushi. Wannan ko a rumfarmu sai ta faru, shi ya sa ake tsinko shi da ƙarfinsa a Bobo ko Orodara ta ƙasar Burkina, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 800, ya zo Yamai ya ƙarasa a hannunmu. Amma wanda aka tsinka bai ƙosa ba, babu abin da zai juya. Ka nuka shi wata guda in ka ga dama, zai yi rawaya, ya yamushe, ya yi laushi, tsamin na nan daram. Shi ne asalin abin da Bahaushe ke kira nunan rana.

Na sha wannan da kaina, ina ɗan girme ka kaɗan. Farkon kaka ne, watan Maris, mangwaro na tsada, wani dillali ya zuga ni na ɗauki kwali ashirin ban fasa ko ɗaya ba, ina tsoron kada wani ya riga ni. Na shimfiɗa buhu na lulluɓe su. Kwana shida na buɗe, sai ga su sun tattare kamar fuskar tsohuwa, ka latsa su lotsa, ka gatsa haƙori ya mutu. Masu awaki na bai wa rabi. Maigidana na lokacin, Allah ya jiƙansa, bai ce mini uffan ba, wuƙa kawai ya saya mini.

To miƙo mini wancan, na kusa da ƙafarka. Riƙe shi hancin na sama, wato inda aka tsinke shi daga reshe. Dubi gefe da gefen hancin. Ka ga yadda suka taso, har hancin ya nutse cikin ɗan rami kamar cibiya? Waɗannan su muke ce wa kafaɗu. In kafaɗu suka cika suka kai hanci ko suka zarce shi, ya ƙosa. Yanzu ɗauko wancan siririn. Ka ga shi hancin ne a tsaye can sama, kafaɗun sun zube ƙasa kamar na maraya, kuncinsa a shafe. Wannan gaggawa aka yi masa. Ƙosasshe kuma yana da nauyin da ya fi girmansa, in ka jefa shi a bokitin ruwa galibi yakan nutse, wanda bai ƙosa ba ya taso sama. Ba kowane iri ne ke bin wannan daidai ba, amma yana taimaka wa mai koyo.

Shaidar da ba ta da gardama ita ce wuƙa. Duk kayan da za ka saya, ka zaro ɗaya daga tsakiyar kwali, ba na sama da dillali ya jera maka ba, ka tsaga shi har ƙwallo. Mangwaro daga ciki yake fara nuna ya fito waje. In naman da ke manne da ƙwallon ya fara rawaya, ko da na kusa da ɓawo fari ne, saya, kwanaki kaɗan ne. In fari ne fat har ciki, wuƙar kuma ta ratsa ƙwallon ta wuce kamar kana yanka rogo, rufe kwalin ka yi masa sallama. Asarar mangwaro ɗaya da ta kwali ashirin ba ɗaya ba ce.

Sai mu zo kan tambayarka, wanda za a sha. Nan hannu ne sarki. Amma ba da kan yatsa ba, don Allah. Na ga yadda kake dannawa da babban yatsa kamar mai neman ƙurji, kowane wuri ka danna gobe zai yi baƙi daga ciki. Ɗora shi a tafin hannu, ka runtse a hankali da hannun duka. Ɗanye ba ya motsi, kamar dutse. Wanda ya kai sha yakan ɗan ba da kai ya dawo, kamar dafaffen ƙwai da aka ɓare. Wanda ya wuce kuwa, inda ka taɓa nan shaidar za ta zauna, kamar curin fura. Tsakanin dutse da ƙwai akwai wani matsayi da baki ba ya iya faɗa, sai hannunka ya taɓa dubu tukuna. Ni yanzu ko cikin duhu na ɗauka ina iya ce maka jibi ne.

Bayan hannu sai hanci, naka da nasa. Kai shi kusa ka shinshina daidai ramin nan, don nan ƙamshin yake fita. Ɗanye warin ƙaro yake yi, mai ɗan yaji. Nunanne ƙamshi mai zaƙi, wanda kafin ka gama shaƙa yawu ya taru. In ka ji tsami-tsami kamar ƙullun da ya kwana, ya fara lalacewa a ciki ko da fatar na sheƙi, kada ka sa shi a kashi.

Sannan ido ya biyo baya, shi ma da aikinsa. Manta da jan, dubi koren da ke ƙarƙashinsa. A jikin Kent in koren ya fara dusashewa yana komawa rawaya-rawaya, ɗige-ɗigen fatar suka fito fili, wajen hancin ya ɗan yi tamoji, ya iso. Amélie, wadda ke fara shigowa daga Burkina tun Maris da Afrilu, ta fi saurin laushi kuma fatarta ba ta jure wahala, don haka ita ba a jira da ita. Brooks, wanda ake ce wa retar saboda sai ƙarshen kaka yake zuwa, kore yake mutuwa, kuma ko ya nuna yana da ɗan tsaminsa na gado. Ka faɗa wa mai saye tun kafin ya biya, kada ya ce ka cuce shi.

Abin da ya fi ba ni haushi a jiya ba zaɓen ba ne, rashin tambayar ne. Hajiya ta tsaya, ba ka ce mata "Yaushe za a sha?" ba. Nuna ba abu ɗaya ba ce ga kowa. Mai son yankawa yanzu a gaban baƙi, ba shi ƙwai. Mai tafiya Tawa gobe da asuba, kilomita sama da 500 cikin zafin mota, in ka ba shi ƙwai kunu zai sauke, shi ƙosasshe mai ƙarfi ya dace da shi. Mai saye wa gida na mako, haɗa masa: biyu na yau, biyu na jibi, sauran na gata. Masu markaɗawa su yi lemo sun fi son wanda ya yi luguf, kuma suna ɗauke mana wanda da zai kwana ya lalace. Akwai ma matan da ɗanyen suke nema da gangan, su kwaɗa da gishiri da yaji. Shi ya sa kowace safiya kafin mu buɗe nake juye kwalaye ina raba su uku, kai kana ganin kamar neman aiki nake.

Ka kuma riƙa lissafi da garin da kake ciki. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40, mangwaro kuwa ya fi son ya nuna a wajen digiri 20 da ƴan kai. Cikin irin zafinmu abin da zai yi kwana biyar sai ya yi uku, wani lokaci ya yi laushi ɗanɗanon bai biyo ba. Don haka inuwa, da iska, kada a jibge su a kan juna, kada a bar su a leda. Masu firigo kuma ka riƙa gargaɗinsu. Wanda bai nuna ba in ya sha sanyin da ya gaza digiri 12 ko 13, fatar takan yi toka-toka da tabo, nunar ta tsaya cak. Sai ya nuna a waje tukuna a sa shi ya yi sanyi. Mai gaggawa ya sa su a kwali ko takarda tare da ayaba nunanna guda biyu. Ƴaƴan itacen nan suna fitar da wata iska, etilen, ita ke tura nunar, ayaba kuwa ta fi yawan fitar da ita.

Na san ka ga abin da wasu ke yi a bayan rumfuna, suna ƙunshe karbir, dutsen nan na masu walda, a takarda su tura cikin kaya. In ya ji laima yana fitar da iskar da ke kwaikwayon etilen, kwana biyu fata ta yi rawaya. A rumfata ba a yi, kuma ranar da na gan shi a hannunka ka koma gida. Akwai dattin guba a cikinsa, sannan yawanci a kan wanda bai ƙosa ba ake zuba shi. Gane shi ba wuya: kwali guda duk launi ɗaya kamar an yi musu fenti, ko rawaya da dabbare-dabbaren kore, ba ƙamshi, wani lokaci da ɗan wari kamar na tafarnuwa, ka tsaga ciki fari da tsami.

Tsofaffi kan ce kada a sha mangwaro sai ruwan farko ya buge shi. Ni dai a ganina abin da ke ɓata wa yara ciki a farkon kaka shi ne ɗanye da rashin wankewa. Mu masu sayarwa ma bayan ruwan ne wahalarmu take farawa. Daga Yuni ƙudan mangwaro ke yawaita. Akwai wani iri mai tsananin ɓarna da aka fara gani a Kenya a 2003, kafin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Yana huda fata ya saka ƙwai, tsutsa ta ci daga ciki. Wurin yakan yi laushi shi kaɗai alhali sauran jikin da ƙarfi, in ka duba da kyau za ka ga ɗan ɗigo kamar tsinin allura, wani sa'in da ɗan danƙo a bakinsa. Laushin nuna ko'ina yake bi daidai. Laushin wuri ɗaya ciwo ne, ko tsutsa ko faɗuwa. Baƙaƙen tabon da ke lotsawa, da baƙin da ke zagaye hanci, su ma na damina ne, ware su nesa da sauran. Amma zanen ƙaro da ya gangaro ya ƙone fata ba ya shiga ciki, rage dala biyar ka sayar, ko ka ba da shi gyara.

Shidan da Hajiya ta maido na duba su da safe. Duk sun ƙosa, kafaɗunsu a cike, jibi za su yi daɗi. Sa su can ƙarƙashin tebur a kan buhu. Yanzu tashi ka juye kwalin nan, ka raba mini shi uku, na yau da na jibi da na gata, ba tare da ka tambaye ni ba. In ka gama zan bi bayanka in taɓa. Daga na yau ɗin ka zaɓi shida, ka wanke su, ka kai mata gida kafin magariba, ka ce maigida na ba ta haƙuri.