Filasmata ta lalace cikin wata biyu: wa zan kai ƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi talabijin filasma a wani shago a Sabon Gari, ko wata biyu ba ta cika ba sai layi-layi suka bayyana a fuskarta, daga baya hoton ya ɗauke gaba ɗaya, murya kawai ake ji. Mai shagon ya nuna mini rubutun da ke ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ya ce in nemi kamfanin da ya ƙera ta. Shin ina da damar kai kamfanin ƙara? Daga wani magidanci a Gwammaja.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Kana da haƙƙi, amma mai shagon ya nuna maka hanya mai nisa alhali ta kusa tana gabansa.

Da farko ka duba abin da ka saya. Mu a Kano duk talabijin mai faɗi filasma muke ce mata, amma ainihin filasma, wadda fuskarta ke ɗauke da ƙananan gurabe na iskar gas, mai nauyi da ɗaukar zafi da shan wuta, manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG sun daina ƙera ta tun shekarar 2014. Idan taka ta ainihi ce, to ko dai ta daɗe a ajiye ko kuma ta gwanjo ce, kuma in an sayar maka da ita da sunan sabon ƙira, wannan kaɗai ya isa hujja a kan mai shagon.

Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, wato hukumar tarayya mai karɓar koken masu sayayya, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ya fito da aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara masa, ko a canja masa, ko a ba shi kuɗinsa. Rubutun ƙasan rasit ba ya soke doka, kuma abin yana damuna ƙwarai yadda mutanenmu ke karanta wannan layi su haƙura da kuɗin guminsu. Ko a fiƙihunmu ma, mayar da haja saboda aibin da mai saye bai sani ba lokacin ciniki sanannen babi ne.

Gaskiya ne dokar ba ta bar kamfanin da ya ƙera da wanda ya shigo da kayan ba, sai dai bin kamfanin da ke wata ƙasa a kan talabijin guda zai iya cin kuɗin da ya fi nata. Mai shagon ne ya karɓi kuɗinka, shi ya san dilan da ya ba shi, saboda haka da shi za ka fara.

Kada ka bari mai gyaran unguwa ya kwance ta, domin da an taɓa cikinta garanti ya faɗi. Ka sa ran kuma za a ce wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona ta, don haka in a kan sitabilaiza take, ka faɗi hakan tun farko. Ka adana rasit da katin garanti da kwali, ka ɗauki hoton fuskar da lambar da ke bayanta, sannan ka rubuta wa mai shagon takarda mai kwanan wata, ka riƙe kwafi.

In ya ƙi, ka sanar da shugabannin kasuwar, don sau da yawa a nan magana ke mutuwa. In ba ta mutu ba, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Jihar Kano, akwai FCCPC, sannan akwai kotun ƙananan ƙararraki a majistare, inda mutum ke iya tsaya wa kansa ba tare da lauya ba. Wata biyu sun kusa wucewa, Malam, ka kai takardar nan cikin makon nan.