Ka ce a sa J-Town a amshi?

Kai Sani, ka tambaye ni wai yaya ake sa waƙar hip-hop ta yi ƙamshin Jos, ko ya isa mawaƙi ya riƙa ihun J-Town, wato laƙabin Jos, a amshi. Wa ya gaya maka? Ihun sunan gari ko kwandasta a tashar Bauchi Road ya fi ku iyawa.

Mawaƙan hip-hop irin su M.I da Ice Prince a garin nan suka tashi, ko suna Turanci kana jin sanyin Jos a bakinsu. Ɗan Maraya kuwa, Allah ya jiƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya kai sunan garin nan duniya har ya rasu a 2015. Abin da kuke kira rap, kirari ne da zambo da habaici aka ɗora wa kiɗan kwamfuta. Ɗan farauta da ɗan dambe sun daɗe suna cewa ni ne wane ɗan gidan wane. Amma yaran yanzu, kowa so yake a ɗauka daga Amurka ya sauko.

Zauna ka ji. Wani yaro ya taɓa zuwa situdiyon nan, ko kuɗin keke babu a aljihunsa. Na ji baitinsa jikina ya mutu: kakansa mai haƙar kuza, uwarsa mai soya dankali, gobarar kasuwar Terminus ta 2002 da ta cinye shagon babansa. Na ce wannan namu ne. Kwana uku ban rintsa ba. Babu wuta, ni na sayi man janareta. Na je Gangare na ɗauko wani dattijo mai kalangu, na sallame shi da kuɗina. Tsohon nan da ya matse kalangu a hammata, har sunan yaron sai da ya faɗa da kiɗa, yaron yana hawaye a gaban makirfo.

Ya ce in zuba masa komai a filas ya kai wa wani yayansa ya ji. Ni da wautata na ba shi, har da muryoyin daban-daban, ban karɓi ko sisi ba. Bayan wata biyar na ji waƙar a rediyo daga Legas. An cire kalangu, an cire kakan, an cire Terminus an sa sunan wata unguwar masu kuɗi da bai taɓa kwana cikinta ba. Kiɗana ne, ko a mafarki na san shi, amma sunan wani aka kira. Dattijon har ya rasu yana tambayata ina waƙarsa.

Batun daidaita murya da kiɗa kada ka dame ni, wata takwas kana nan, idonka na me? Yaron da zai zo da la'asar, ka tambaye shi layinsu da sunan mai shayin bakin layin kafin ka kunna masa komai. Filas kuma sai na ga alat.