Me ya sa ba a zuba baƙin mai a aksul?

Tambaya: Malam, ina tuƙa motar ɗaukar kaya tsakanin Kano da Maraɗi. Man aksul ya ragu, na ce a cika da baƙin man inji, bakanike ya ƙi. Ai mai mai ne. Kuma da irin matsar da haƙoran giya ke yi wa juna, ta yaya ma mai zai tsaya a tsakaninsu?

Amsa: Direba, bakanikenka ya yi maka gata. Inda haƙori ke haɗuwa da haƙori ɗan siririn layi ne, kuma duk nauyin motar a nan yake taruwa. Matsin wurin yakan wuce iskar tayar ƙaramar mota sau 5,000. A irin wannan matsi mai ba ya zama ruwa yadda ka san shi a galan. Kaurinsa na ninkuwa sau dubbai, ya kusa daskarewa, shi kuma ƙarfen ya ɗan lotsa kamar roba. Kafin man ya samu hanyar tserewa, haƙorin ya riga ya wuce. Kaurin shimfiɗar man da ke raba ƙarafan bai kai maikiron 1 ba (kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashi ya kai kusan maikiron 70.

Abin da mutane ba su lura da shi ba: ba lodi ne ya fi cinye wannan shimfiɗa ba. Lissafin Dowson da Higginson, masana daga Ingila, ya nuna ko an ninka nauyi, kaurinta bai raguwa fiye da kusan kashi 10 cikin 100. Saurin juyawa da kaurin man lokacin shigarsa su ne masu iko. Shi ya sa hatsarin yake a hawan tudu da giya ɗaya, da lodi, cikin zafin Afrilu: juyi a hankali, mai ya tsinke, ƙarfe ya fara taɓa ƙarfe.

To a nan man giya ke nuna bambancinsa. Haƙoran aksul gurzar juna suke yi, ba birgima kaɗai ba. An sa wa man giya mai alamar GL-5 sinadaran farar wuta da fosfaras (warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai nasu ne). Idan wurin ya yi zafi, sai su haɗu da fuskar ƙarfen su yi wata fata mai laushi, ita ke gogewa maimakon haƙorin. Baƙin mai ba shi da isasshen wannan kariya. Da shi za ka fara jin aksul na kuka, sannan haƙora su kakkarce.

Zuba man giya mai lambar kauri 80W-90 ko 85W-140 mai alamar GL-5, gwargwadon littafin motar, har ya kai bakin ramin cikawa, motar na tsaye a wuri mai daidai. Amma giyabos da aka rubuta masa GL-4, kada ka ba shi GL-5, domin yana iya cin zobban tagullar da ke sauƙaƙa shigar giya. Idan kuma ka kwance toshiyar ƙasa ka ga man ya yi kalar madara, ruwa ya shiga. Juye shi duka, ka duba sil (robar da ke hana yoyo) da 'yar kafar numfashin aksul.