An sake ni ina goyo, wata uku ya cika, na gama idda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi. Daga Rigasa nake. Mijina ya min saki ɗaya a takarda ina goyon ɗan wata biyar, a ranar na kwashe kayana na dawo gidanmu. Yanzu wata uku kenan da 'yan kwanaki kuma tunda na haihu ban ga al'ada ba. Gwaggona ta ce na gama idda, har wani ya fara aiko da magana. Dan Allah ya matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ba ki gama idda ba, kuma dan Allah a dakatar da mai aiken nan tun yau.

Wannan lissafin wata uku da ya zauna a bakin mutane ba na kowace mace ba ne. Aya ta 4 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ba wadda ta daina al'ada saboda girma da wadda ba ta taɓa yi ba wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu, ko da kwana ɗaya bayan sakin ne. Ke kuma mai al'ada ce, shayarwa ce kawai ta ɗauke ta, to hukuncinki yana aya ta 228 a Baƙara, ƙuru'i uku, wanda a mazhabar Malikiyya da muke bi a nan ana nufin tsarki uku. Tsarkin da aka sake ki a cikinsa ana ƙirga shi, sai jini ya zo ki yi wanka, ya sake zuwa ki yi wanka, da kin ga na uku shikenan idda ta ƙare. Eh zai iya ɗaukar lokaci, wata ma sai ta yaye take gani, haka za ki jira. In kin yaye kuma shiru har shekara ta cika ba jini, nan ma kin fita.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kwashe kayan nan. Mu a Kaduna da an miƙa takarda sai a kira mota, alhali aya ta farko a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa ta yi kar a fitar da su daga gidajensu kuma kar su fita. Saki ɗaya ne fa, har yanzu ke matarsa ce, ci da sha da wurin kwana duk a wuyansa suke, zai iya mayar da ke ba sabon sadaki ba ɗaurin aure, in ɗayanku ya rasu a wannan tsakanin ɗayan zai ci gado. Aure nawa ne da sun gyaru da an bar mace a ɗakinta zuciya ta huce? Wallahi da yawa.

Shi kuma mai neman, haramun ne ya nemi aurenki yanzu ko da ta hanyar shagube ne, in aka ɗaura auren ɓatacce ne, to kin ga ba abin wasa ba ne.

Ki sa waliyyinki ya zauna da mijin a yi maganar komawarki ɗakinki da ciyar da ke da yaron. In ya ƙi, kotun shari'a tana nan, irin ta Magajin Gari, alƙali zai yanka masa abin da zai riƙa bayarwa. Wallahu a'alam.