"Kaunt" a tarihin Turai: sarki ne ko hakimi?

Tambaya: Malam, ina yawan cin karo da sarautar "kaunt" a tarihin Turai. Sarki ne ko hakimi? Kuma yaya aka yi wasunsu ke fita yaƙi ba da izinin sarki ba?

Amsa: Asalinsa hakimi ne. A zamanin Sharlaman, mai babbar daula a yammacin Turai, sarki ke naɗa shi ya riƙe masa gunduma, ya yi shari'a, ya tara mayaƙa in an buga tambari. Da daular ta raunana sai sarautar ta zama gado, hakimai suka fi ƙarfin fada.

Ɗauki Fulk Nerra, kaunt na Anjou, a yammacin Faransa. Ya gaji mahaifinsa a 987, shekarar da Hugh Capet ya zama sarkin Faransa, ya kuwa shekara 53 yana mulki. Mubaya'a dai ya yi wa sarki, amma iyakarsa da takobi ya shata ta. A 992 ya gwabza da Conan, kaunt na Rennes, a Conquereuil, Conan ya mutu a fagen daga. A 1016 ya karya Odo, kaunt na Blois, a Pontlevoy, a 1026 ya ƙwace garin Saumur.

A ganina, ƙarfinsa ya fi tsayuwa a kan gini. Duk inda ya sa ƙafa sai ya kafa hasumiyar tsaro, ya zuba dakaru a ciki. Ta Langeais, a bakin kogin Loire, da dutse ya gina ta wajen 994, dab da birnin Tours da ke hannun abokan gabarsa, kuma har yau kufanta na tsaye. Mai hasumiya shi ke da hanya da mashigin kogi, shi manomi ke kai wa hatsi. Sarki na can nesa, wa zai ce masa ya rushe?

Mutumin fa ba kanwar lasa ba ne. Marubutan tarihi na da sun ce ya sa an ƙone matarsa ta farko, Elisabeth, bisa zargin zina. Shi ɗin ne kuma ya je ziyarar tuba Ƙudus aƙalla sau 3, ya gina gidan ibada na Beaulieu kusa da Loches. A hanyar dawowa daga ziyarar ƙarshe ajali ya riske shi a Metz, a 1040, aka kai shi Beaulieu aka binne. Ɗansa Geoffrey Martel ya gaje shi. Ta tsatson 'yar Fulk kuma aka samu Henry na Biyu, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154.