Shirin ritaya tun kana bakin aiki

Ɗan'uwa, ka tambaya me za ka tanada tunda saura kaɗan ka ajiye aiki. Mu da muka gama sakandare kafin a ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, yawancinmu mun cika shekara 35 a aikin gwamnati ko mun kai 60, mun koma gida. In an haɗu wajen ɗaurin aure, waɗanda suka riƙe gona ko shago tun suna aiki su ne hankalinsu ke kwance. Ni gonar gero da wake a wajen Daura ke ciyar da gidana. Garatuti kan yi jinkiri, don Allah kada ka ɗora auren 'ya'yanka a kansa. Je ka duba fayil ɗinka yanzu, takardar kama aiki da ranar haihuwa su yi daidai, nan mutane ke yawan maƙalewa.